Ƙafar Hajiya Dahabo

Ranar da Tahiratu ta fara zuwa gidan, da gaisuwarta a baki ta hau benen. Tun a jirgin ƙasa, daga unguwar Highbridge har unguwar Jamaica a birnin New York, take juya kalmomin a ranta, don ta kwana biyu ba ta furta su ba. Kamfanin da take yi wa aiki, mai tura masu kula da tsofaffi gidaje, ya ba ta takarda: Dahabo Warsame, shekara saba'in da uku, ciwon suga, an yi mata aikin ƙugu, ba ta jin Turanci, 'yar Somaliya ce. Da ta karanta layin ƙarshe sai da ta yi murmushi.

Tahiratu 'yar Zangon Kumasi ce, shekararta arba'in da shida, sha huɗu daga ciki a wannan aikin ta yi su. Kafin ta dawo New York wurin mijinta Fataw, ta yi shekara bakwai a Columbus tana kula da wata tsohuwa 'yar Somaliya da ta rantse ba za ta koyi Turanci ba ko da kalma ɗaya. In ta ce a miƙo mata abu ba a gane ba, sai ta maimaita da ƙarfi, ta sake maimaitawa, har sai an gane. A haka Somaliyanci ya shiga kunnen Tahiratu ya zauna a bakinta. Ba ta iya rubuta shi ba, amma tana ciniki da shi, tana faɗa, tana lallashi. Kamfanin bai taɓa tambayarta ba, ita ma ba ta rubuta a takardunta ba.

'Ya'yan tsohuwar mata biyu suka buɗe mata ƙofa. Babbar, Hodan, tana sanye da rigar aikinta na filin jirgi, tana ta duba agogo. Ƙaramar, Ubah, wadda ke aure a Brooklyn, ta zo ne don ta ga wadda aka turo. Tahiratu ta yi sallama, suka amsa. Ta buɗe baki ke nan za ta gaishe su da harshensu, sai Ubah ta juya wurin yayarta, fuskarta cike da fara'ar karɓar baƙo, ta ce da Somaliyanci:

"Dubi girmanta. Firjin nan ba zai kai Laraba ba."

"Yi shiru," in ji Hodan. "Ai ƙaƙƙarfa muke so, mai iya ɗaga Hooyo."

Hooyo shi ne uwa a harshensu.

"To ki kwashe awarwaron zinaren nan daga ɗakinta kafin ki fita. Irin waɗannan hannunsu ba ya zama wuri ɗaya."

Sannan Ubah ta koma Turanci ta ce wa Tahiratu ta shigo, sun ji daɗin zuwanta ƙwarai.

Tahiratu ta haɗiye gaisuwarta. Maganar ba ta soke ta ba, don ta ji wadda ta fi ta zafi a gidaje da yawa, da Turanci ma, ido cikin ido. Lissafi ta yi. In ta amsa yanzu, kunya za ta kama su, kuma wanda ka ba kunya ba ya son sake ganin fuskarka. Kafin gobe sun kira kamfani a canza ta. Ta ce a ranta, bari su saba da ni tukuna, sai in faɗa. Kuma in za a faɗi gaskiya, akwai ɗan daɗin da take ji na sanin abin da ba a san ta sani ba.

Hajiya Dahabo tana zaune a kujera bakin taga, 'yar siririya, yatsunta ja da lalle, ɗakin yana ƙamshin turaren wuta. Ta dubi Tahiratu daga sama har ƙasa.

"An sake kawo mini wata kurma," ta ce, ta mayar da idonta kan titi.

Da hannu suka fara aiki. Tsohuwa ta nuna, Tahiratu ta kawo. Sai dai Tahiratu tana saurin ganewa fiye da kima. Ranar da Dahabo ta yi gunaguni cewa shayin nan ruwan wanke kofi ne, babu citta babu kirfa, na gaba da ya zo sai da ya sa ta tari. Ranar da ta ce da kanta matashin nan ya isheta da tauri, kafin azahar an canza shi. Da yamma Tahiratu ta ji tana gaya wa Hodan cewa wannan kurmar tana da hankali a ido, kada a bari ta tafi.

Abu ɗaya ne suka yi ta ja a kai. Dahabo ba ta yarda a taɓa mata ƙafa. Tahiratu za ta kai ta banɗaki, ta zaunar da ita a kujerar wanka, sai tsohuwa ta nuna mata ƙofa. Ta fito da safa biyu masu kauri a kowace ƙafa, ga shi ana cikin watan Yuni, gari ya ɗau zafi. Alwala ma a kan safar take shafawa. Tahiratu ta san mai ciwon suga ba a barin ƙafarsa ba dubawa. Ta rubuta a rahotonta, ta kuma yi wa Hodan magana.

"Ƙyale ta," in ji Hodan da Turanci. "Tun muna yara haka take da jikinta. Ni kaina ban isa ba."

A mako na biyu tsohuwa ta fara magana. Da hantsi, in Tahiratu tana taje mata kai tana shafa mai, sai bakinta ya buɗe. Ba da Tahiratu take yi ba. Tana yi ne kamar yadda mutum kan yi shi kaɗai a ɗaki, sai dai da ɗumin hannun wani a kansa. Ta yi zancen Kismayo, garinsu na bakin teku, da shagon yadi da mijinta Guled yake da shi. Ta yi ƙorafin Ubah, mai zuwa sau ɗaya a mako ta fi kowa ba da umarni. Ta ce Hodan ta ƙi aure saboda ita, kuma abin yana cinta, amma in ta faɗa Hodan za ta yi fushi. Wani lokaci tana ba da labari mai ban dariya, Tahiratu ta cije leɓe ta sunkuyar da kai.

Ranar Talatar mako na uku ne labarin ya canza. Dahabo ta ce lokacin da yaƙi ya kore su, suna tafiya zuwa iyakar Kenya, tana da 'ya'ya uku ne, ba biyu ba. Akwai jaririya, Sagal, 'yar wata bakwai. Nononta ya ƙafe, Ubah tana goye tana zazzaɓi, Hodan ƙafarta ta kumbura. A wani ƙauye, bakin rijiya, ta miƙa Sagal ga wata mata mai shayarwa, da niyyar in sun sami wuri za ta dawo. Hanya ta rufe. Da ta aika bayan shekara biyu, an ce ƙauyen ya watse.

"Na ce musu zazzaɓi ya kashe ta," in ji Dahabo. "Har Guled ya mutu haka ya sani. Yanzu in tana raye ta haura talatin. Wataƙila tana da 'ya'ya."

Matajin ya tsaya a hannun Tahiratu. Ta tilasta wa kanta ta ci gaba.

Da magariba, suna cin tuwo da Fataw, ta gaya masa ta yi kuskure. Ba ta faɗi abin da ta ji ba, ta ce dai tsohuwa ta faɗi abin da bai kamata kowa ya ji ba.

Fataw, wanda tuƙin tasi ya saba masa da jin zancen mutane a bayan mota, ya ajiye cokali. "Ni in fasinja na yin Hausa a waya, tun kafin ya yi nisa nake masa sallama. Ke kin shiga ɗakin mutane kin zauna sati uku ba ki ce kina ciki ba."

"Na sani."

"To ki gaya mata."

"Ranar Asabar Hodan tana gida. Zan faɗa a gabansu su biyu, in korata za su yi su kore ni."

Ba a kai Asabar ba. Ranar Alhamis da hantsi Tahiratu tana ninke tawul a bakin gado, Dahabo tana kallon masu jiran bas a ƙasa, ta fara magana a hankali.

"Yau kwana goma sha biyu. Ƙaramin yatsan ya yi baƙi. Jiya na soka masa allura, ban ji komai ba. Haka na Guled ya fara. Suka yanke yatsa, suka yanke ƙafa, suka yanke har gwiwa, sannan suka ba ni sauran in binne. Ni da ƙafafuna biyu za a sa ni a kabari. In Hodan ta ji, yau ɗin nan za ta kai ni wurin masu wuƙa." Ta ɗan waigo. "Ke dai ninke kayanki, kurma. Allah ya yi miki albarka."

Tahiratu ta ajiye tawul ɗin. Ta zo ta durƙusa gaban kujerar, ta dubi tsohuwa a ido, ta kira ta da sunan da suke kiran 'yar'uwar uwa, ta ce da Somaliyanci:

"Habaryar, cire safar nan in gani."

Dahabo ba ta motsa ba. Sai ta waiga bayanta, ta dubi ƙofa, kamar wani ne ya shigo ya yi maganar. Sannan ta dawo da idonta kan Tahiratu.

"Me kika ce?"

"Na ce ki cire safar in ga ƙafar."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na shigo gidan nan."

Tahiratu ta ga tsohuwa tana komawa baya a ranta, kwana bayan kwana, tana tuna abin da ta faɗa. Ta ga lokacin da ta iso Talata.

"Sagal," in ji Dahabo, muryarta can ƙasa.

"Na ji."

Kofin shayin da ke kan teburi ya wuce ta gefen kunnen Tahiratu ya fashe a bango.

"Ɓarauniya! Sun kwashe mini zinare don kada ki sata, ashe ba zinare kika zo ɗauka ba. Kina taje mini kai kina kwasar cikina! Wace uwa ce ta haife ki?"

Tahiratu ba ta tashi daga durƙuson ba. "Na yi laifi, kuma babba ne. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Ki zage ni har la'asar in kina so, gobe ki sa a kore ni. Amma ki ji abu biyu. Maganar Sagal ba ta fita daga bakina ba, ko mijina bai ji ba, kuma ba za ta fita ba har in mutu. Maganar ƙafa kuwa yau za ta fita, da yardarki ko babu. Na gaya miki ne don kada in sake yin wani abu a bayan idonki."

"Fita daga gidana."

"Zan fita in an ga ƙafar. Habaryar, shekara sha huɗu ina wannan aiki, na ga irin ƙafar nan ta fi goma. Wadda aka kai da wuri, yatsa ake rasawa, wani lokaci ko shi ba a rasawa. Wadda aka ɓoye a safa, ita ce ake bi har gwiwa. Guled wata nawa ya ɓoye tasa?"

Wata bas ta tsaya a ƙasa, ta kwashi mutane, ta tashi.

"Huɗu," in ji Dahabo.

"Ke kwana goma sha biyu ne. Ban yi miki alkawarin yatsan ba. Amma ina sa ran ƙafar."

Tsohuwa ta juya fuskarta ga taga. Can, ba tare da ta dubi Tahiratu ba, ta turo ƙafar hagu gaba kaɗan.

Tahiratu ta sa safar hannu ta zare na ƙafar ɗaya bayan ɗaya. Warin ne ya fara fitowa, wanda turaren wuta yake dannewa duk kwanakin nan. Ƙaramin yatsan ya yi baƙi ƙirin, kuma ja ya fara hawa bayan ƙafar. Ba ta nuna komai a fuska ba. Ta lulluɓe ƙafar da tsabtataccen tawul, ta kira nas ɗin kamfani, ta kira motar asibiti, sannan ta kira Hodan.

Da Turanci ta fara. Hodan tana cikin hayaniyar filin jirgi, ta ce ba za a iya jira ta tashi aiki ƙarfe huɗu ba? Hooyo tana da zuzuta abu.

Sai Tahiratu ta sauya harshe. "Hodan, 'yar'uwata, ƙafar mahaifiyarki ta fara ruɓewa. Ki bar abin da kike yi ki same mu a asibiti."

Hayaniyar filin jirgin kawai take ji a wayar.

"Wa ke magana?" in ji Hodan.

"Tahiratu ce. Ki taho."

A asibiti aka kawo waya mai tafinta. Da Dahabo ta ji muryar namiji, ta kame bakinta. Ta ce ba za ta yi zancen jikinta da ƙaton da ba ta gani ba. Ta nuna Tahiratu da haɓa.

"Ga ɓarauniyar nan. Ta riga ta san komai, ta faɗa musu."

Tahiratu ta fassara wa likita duk abin da ya shafi ƙafa, ta bar kalmar ɓarauniya. Da aka zo sa hannu a takardar aiki, likitar ta nemo tafinta mace ta asibitin, ta yi wa tsohuwa bayani dalla-dalla. Ta ce yatsan ya riga ya mutu, gobe za a cire shi. Ta ce da an ƙara kwana huɗu ko biyar, da wata maganar ake yi.

A barandar asibitin 'yan'uwan biyu suka tare Tahiratu. Hodan ta kasa haɗa ido da ita. Ubah kuwa a tsaye take ƙyam, kuma da Turanci ta yi magana.

"Sati uku kina mana leƙen asiri a cikin gidanmu."

Tahiratu ta amsa da Somaliyanci. "Ya kamata in faɗa tun a bakin ƙofa. Ban faɗa ba, wannan nawa ne, kuma na ba mahaifiyarku haƙuri. Amma gaisuwa ce a bakina ranar nan, kika riga ni magana." Ta gyara mayafinta. "Firjin dai ya kai Laraba. Da abincina nake zuwa."

Hodan ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta suna rawa, ba a san dariya take ko kuka ba. Da ta sauke hannun ta ce, "Ki yafe mana. Wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage."

Ubah kuwa ta koma gefe ta kira kamfani.

Washegari shugabar sashensu ta kira Tahiratu ofis. Ta yaba mata kan ƙafar, ta yi mata faɗa kan shirun, ta sa ta rubuta Somaliyanci a takardunta, sannan ta ce iyalin sun nemi a canza ta. Tahiratu ta ce ta fahimta. Aka tura ta wurin wani tsoho a Harlem, mai son wasan ƙwallo da ƙin shan magani, ta kama aikinta. Hodan ta turo mata saƙo cewa an yi aikin lafiya, yatsa ɗaya kawai aka cire.

Bayan kwana goma sha shida Hodan ta kira. An sallamo Hooyo tun makon jiya. An turo mata biyu, duk ta kore su. Ta ce ɗaya hannunta sanyi, ɗaya kuma tana tafiya kamar doki. Jiya ta ƙi cin abinci, ta ce a dawo mata da ɓarauniyarta.

"Ubah fa?"

"Ubah ta yi magana, Hooyo ta ce mata in ita za ta zo ta riƙa wanke ciwon kullum, to."

Ranar Litinin Tahiratu ta sake hawa benen. Dahabo tana kujerarta, ƙafar hagu a kan matashi, naɗe da farin bandeji. Tahiratu ta yi sallama, ta gaishe ta cikakkiyar gaisuwa da harshenta, ta tambayi jiki, ta tambayi kwana.

Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, ta yamutsa fuska. "Wa ya koya miki wannan Somaliyancin? Na mutanen arewa ne. Kamar ana tauna tsakuwa."

"Wata tsohuwa ce 'yar Hargeisa."

"Ai na ji. Za mu gyara shi." Ta dubi ƙofa ta ga Hodan ta fita, sannan ta rage murya. "Kin faɗa wa wani?"

"A'a."

"Ban yafe miki ba tukuna."

"Na sani, Habaryar."

"To duba mini ƙafar."

Tahiratu ta wanke hannu ta duba. Ciwon ya yi kyau, naman ja ne mai lafiya, ba wari. Ta gaya mata haka, ta kuma ce daga yau kullum sai ta ga ƙafafun biyu, safe da yamma, ba ja-in-ja. Dahabo ta ce an ji.

Aikin ya koma yadda yake, sai dai yanzu da baki ake yi. Tsohuwa tana gyara mata lafazi, tana tambayarta Kumasi, da abin da ya sa har yanzu ba ta kawo Fataw ya gaishe ta ba. Suna musu a kan gishiri. In Ubah ta zo, da Turanci take magana, kuma a taƙaice.

Wata ranar Laraba, bayan an gama taje kai, Dahabo tana kallon titi. Leɓenta ya motsa, ta tsaya. Ta waigo ta dubi Tahiratu.

"Tashi ki je kicin. Ki rufe ƙofa, ki kunna famfo da ƙarfi. Ina da magana, ba ta kunnenki ba ce."

Tahiratu ta ajiye matajin, ta tafi kicin, ta rufe ƙofa. Ta buɗe famfo har ƙarshe, ta jawo tukwanen jiya ta fara wankewa.